Tela Ba Ya Ganin Huda Ya Wuce

Duk layin babu wanda ya kai Tela baki. Ɗinki kam ya iya, ba za a yi masa ƙarya ba, amma da za a auna bakinsa da tef ɗin da ke rataye a wuyansa, tef ɗin ne zai fara ƙarewa. Tun ranar da ya kwance keken ɗinkinsa ya sake haɗawa, noti biyu kacal suka yi saura a ƙasa, ya yanke hukuncin cewa babu injin da zai gagare shi a duniya. Da hannunsa ya rubuta "Injiniya" da alli a ƙofar shago. Mai aski, maƙwabcinsa, kullum da safe sai ya bi da jiƙaƙƙen tsumma ya goge.

Mutum ɗaya ne Tela ba ya iya buɗe baki a gabansa, surukinsa. Tsohon direba ne, ya shekara arba'in a kan sitiyari, yana da wata tsohuwar mota ruwan ƙasa da yake kira 'Yar Lele. Shekara goma sha ɗaya Tela yana auren 'yarsa, tsohon bai taɓa barinsa ya taɓa ko madubin motar ba. In zai ambace shi ma, "mai keken nan" yake cewa. Abin yana ci wa Tela rai, wallahi ya fi masa zagi ciwo. Babu abin da yake so a duniya kamar ranar da tsohon zai dube shi ya ce, "Ashe ka iya."

To, sai yanar ido ta rufe wa tsohon gani, likita ya ce a kwantar da shi kwana uku a yi masa aiki. 'Ya'yansa maza duk suna nesa, ba yadda zai yi. A bakin gadon asibiti ya lalubo hannun Tela ya ɗora masa makulli, amma bai saki ba.

"Ka kai ta wajen Gajere makaniki ya sauya mata baƙin mai. Shi kenan. Kada ka buɗe komai, ko rediyo. Ranar da za a sallame ni ka kawo ta bakin ƙofa. Ita nake so in fara gani da sabon idona."

"Haba Baba, ba ni za ka fara gani ba?" in ji matar Tela.

"Ke ai bakinki ba ya shiru, ko babu ido na san kina nan."

Sai da Tela ya ce "to, Baba" sau huɗu kafin aka sakar masa makullin.

Washegari da safe ya fito da 'Yar Lele. Garejin Gajere yana hannun dama. Tela ya karya sitiyari hagu, ya zo ya tsaya cak a ƙofar shagonsa, ya danna ham sau uku don kowa ya leƙo.

Mai aski ya fito da reza a hannu. "A'a! Tela, sata ka fara?"

"Amana aka ba ni. Tsohon ya ce duk garin nan ni kaɗai ya yarda in duba masa inji."

"Da kunnenka ka ji, ko a mafarki?"

"Bai faɗa da baki ba, amma yadda ya damƙe hannuna ya isa magana."

"Ina yadina? Mako uku kenan kana cewa gobe."

"Yadinka yana nan ba ya guduwa. Kai dai riƙe min wannan."

Tela ya buɗe bonet, ya kara kunne, ya runtse ido ɗaya. Injin yana tafiya lafiya ƙalau, lumui, kamar kyanwar da ta ƙoshi. Tela ya girgiza kai cikin jimami.

"Ka ji? Tana shan wahala a ƙasa. Sauya mai ai aikin kowa ne. Ni ciwon zan bi har gidansa."

Ya aro jak da sifanoni wajen mai faci, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya kwance notin da ake juye mai ba tare da ya tara komai ba, domin a keken ɗinki mai ɗigo yake yi. Wannan bai ɗiga ba. Ya ɓarke masa a fuska, da ɗuminsa, ya bi ta wuya ya cika aljihun gaba. Tela ya fito yana tofi, babu abin da ake gani fari a jikinsa sai ido.

Mai aski ya riƙe ciki. Wanda ake yi wa aski ma ya fito da rabin kai a aske don kada a ba shi labari.

"Da gangan na yi," in ji Tela yana sharce hanci. "Gwani ba ya sanin mai sai ya ɗanɗana. Wannan ya tsufa."

Ya koma ciki. Kafin azahar ya sauke kwanon man da ke ƙasan inji, sai dai kwanon ne ya sauko da kansa ya same shi a haɓa. Da ya gama ganin taurari, ya ɗaga ido, ya ga abin da bai taɓa gani ba: wani dogon ƙarfe mai gwiwa-gwiwa kwance a cikin inji, yana ƙyalli. Wannan shi ne karanshaf, ƙarfen da ke juyawa ya tura ƙafafun mota. A kowace gaɓa an rungume shi da wasu ɓawon ƙarfe masu santsi, waɗanda makanikai ke kira metal.

Tela ya kwance gaɓa ɗaya, ya zare ɓawon, ya haska da fitilar waya. Sai ya yi wata ƙara.

"Mai aski! Zo ka ga ikon Allah! Na kama ciwon!"

Mai aski ya durƙusa ya leƙa. A jikin ƙarfen, daidai inda ɓawon yake zama, akwai wata 'yar huda, zagayayyiya, ba ta fi ƙwayar wake ba.

"Huda!" in ji Tela. "Ta nan man ke zurarewa. Shekara da shekaru Gajere yana ɗura mai, mai yana gudu, bai taɓa leƙowa ba."

"Tela, ko dai haka aka yi ta?"

"Haka aka yi ta! Kowa ya kawo min wando da huda abin da yake faɗa kenan."

"Amma dubi bakinta, sumul. Kamar da gangan aka huda."

"Gara ma in ta ci katako, sumul take ci. Kai ka san kai, ni na san huda. Shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa ganin huda na wuce ba."

Ya kwance gaɓa ta biyu, ga wata. Ta uku, ga wata. Murna ta cika Tela. Ya riga ya hango kansa a gaban tsohon, yana lissafa masa hudojin da yatsa, tsohon yana gyaɗa kai yana cewa, "Ashe ka iya."

Ana cikin haka sai ga Gajere makaniki a kan babur. Mutum ne marar yawan magana, kalmominsa ma gajeru ne kamarsa. Ya ga motar a kan jak, ya taka birki.

"Wannan ba ta tsohon ba ce? Ni nake jira tun safe."

Tela ya yi wuf ya janye ƙafafunsa ciki, ya yi lamo.

"Waye a ƙarƙashi?"

"Injiniya ne," in ji mai aski, "yana tiyata."

"Shara nake yi mata kawai!" murya ta fito daga ƙarƙashin mota. "Ka je, gobe za mu zo."

Gajere ya dubi tafkin baƙin man da ke kwance a ƙasa, ya dubi kwanon, ya dubi mai aski. Ya ce, "Karambanin akuya." Bai ƙarasa karin maganar ba, ya ja babur ɗinsa.

"Hassada ce," in ji Tela da ƙarar babur ta yi nisa. "Ya san asirinsa ya kusa tonuwa."

Ya shiga shago ya ɗauko zare mai kauri, ya murza shi ya yi 'yan dunƙule, ya tsoma a gam, ya bi hudojin nan ɗaya bayan ɗaya yana cusawa da tsinin almakashi. Aiki ne mai tsafta, sai dai a faɗi gaskiya. Ko wace ya datse bakin zaren daidai da ƙarfen, in ka shafa da yatsa ba za ka ce an taɓa yin huda a wurin ba.

Da ya mayar da ɓawon farko, sai ya ga kamar yana zamewa a kan ƙarfen da sauƙi, babu wani cijewa. Nan ma ya tsuke baki.

"Ya yi mata yawa. Rigar da ta yi wa mutum yawa, ko a rage ta ko a yi mata shafi."

Shafi yana son yadi mai ƙarko. Tela ya duba buhun ƙyallaye bai ga wanda ya yi masa ba. Idonsa ya sauka a kan yadin mai aski, shuɗi mai ratsin fari, a ninke a kan tebur. Ya leƙa waje, mai aski ya koma kan rabin kan da ya bari. Almakashi ya yi ƙyas ƙyas sau biyu. Tela ya ce a ransa, hannun riga ai ba dole ne ya kai wuyan hannu ba.

Ya yanka yadin siri-siri, ya kalmashe bakin kowane da keke don kada ya tsiyaye, ya shimfiɗa a cikin kowane ɓawo, ya mayar. Wajen ɗaure noti kuwa, ya zura bututu a sifana don ƙarin tsawo, ya kira mai aski ya taya shi ja.

"Ya isa, Tela, ƙara yake yi."

"Godiya yake yi. Ƙara ja."

Sai kwana na biyu da yamma aka gama. Da ya zo zuba sabon mai, ya zuba rabin galan ya rufe.

"Sauran fa?" in ji mai aski.

"Na masu huda ne. Tunda na toshe, wannan ma ya yi yawa." Ya ɗauko 'yar butar man kekensa mai dogon baki, ya ɗiga sau uku a ciki. "Wannan kuma sirri ne, ba a koyar da shi a gareji."

Ranar sallama, Tela ya sha wanka, ya sa rigarsa mafi kyau, ya rataya tef a wuya kamar lambar yabo. Matarsa ta fito da jakar kayan Baba, ta dubi motar, ta dubi farcen mijinta da har yanzu baƙi ne ƙirin.

"Maigida, Gajere ne ya yi aikin nan ko?"

"Ya zo, ya gani da idonsa."

"Ba abin da na tambaye ka ba kenan."

"Ke dai shiga, rana tana yi."

Mai aski ya rufe shago ya faɗa kujerar baya ba wanda ya gayyace shi. Ya ce ko aski goma zai rasa, yau sai ya ga ƙarshen wasa.

Tela ya murɗa makulli. Injin ya ce "uuh", ya yi shiru. Ya sake. "Uuh."

"Ta ƙoshi ne," in ji Tela. "Wanda ya ƙoshi ba ya tashi da garaje."

Sai da mazan layi shida suka tura ta har gangaren kwana kafin ta yi tari ta kama. Wata jar fitila mai hoton butar mai ta kunnu a gaban sitiyari.

"Wannan jan fa?" in ji matar.

"Tana sanar da mu akwai mai."

"A hannun Baba ba ta taɓa sanarwa ba."

Tela ya zaro wani ƙyalle daga aljihu, ya lasa masa gam, ya manne a kan fitilar. "To, ta yi shiru. Hankalinki ya kwanta?"

Sun wuce kasuwa lafiya. Sun wuce gada. Tela ya fitar da gwiwar hannu ta taga yana ɗaga wa mutanen da bai sani ba hannu. Daga nan sai wani siririn kuka ya fara fitowa daga ƙasa, kamar ana jan tebur a kan siminti. Bayansa wani wari ya biyo.

Duk duniya babu wanda ya kai Tela sanin wannan wari. Warin yadi ne in an manta dutsen guga a kansa. 

"Me ke ƙonewa?" in ji matar.

"Shara ake ƙonawa a unguwar nan."

"Sharar ta shigo mota kenan," in ji mai aski, "don tun gada take bin mu."

Kukan ya koma ƙwas ƙwas ƙwas. Daga nan ya koma ƙwaram ƙwaram, kamar an zuba cokula a tukunya ana girgizawa. Masu babur suka riƙa wuce su suna nuna ƙasan motar suna ihu.

"Maigida, ka tsaya, don girman Allah!"

"Sabon takalmi ma yana cizo ranar farko. Ga asibitin can, saura ƙiris."

Ƙiris ɗin ta kai shi, sai dai ba ta wuce ba. Daidai tsakiyar ƙofar shiga, inda mota ɗaya kawai ke iya bi, 'Yar Lele ta yi wata ƙara gwaf, ta girgiza sau ɗaya, ta sandare. Hayaƙi ya fito ta gefen bonet, a hankali, kamar ba ya son a gan shi.

Motoci suka yi layi a baya suna ham. Maigadi ya taho da sanda yana masifa. Masu jinya, masu sayar da ruwa, har wani mai karaya a keken guragu, kowa ya matso. Da ƙyar aka tura ta gindin bishiyar da ke gefen ƙofa. Mai aski bai tsaya neman shawarar kowa ba, ya buga wa Gajere waya. Matar Tela kuwa ta shiga ciki ɗauko mahaifinta, ko kallon mijinta ba ta yi ba, kuma wannan ya fi masa zagi zafi.

Gajere ya iso da akwatin kayansa, bai ce sannu ba, ya shige ƙarƙashi. Tela ya tsaya yana yi wa taron bayani.

"Mai ne. Man yanzu duk algus. Ni da nake aiki a kan inji shekara ashirin..."

 Tsohon direba ne ya fito, 'yarsa tana riƙe da hannunsa, da baƙin tabarau a fuska. A bakin matakala ya tsaya, ya cire tabarau a hankali, ya ƙifta ido. Abin da ya fara gani da sabon idonsa ita ce 'Yar Lele, kamar yadda ya roƙa, bonet a sama, hayaƙi yana fita, ƙafafun Gajere a ƙarƙashinta.

Bai yi ihu ba. Ya tako ya ɗora tafin hannu a kan rufinta, ya daɗe a haka. Tela ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Gajere ya fito da ɓawon ƙarfe a hannu, ya yi baƙi ya narke gefe guda. A jikinsa wani ɗan yadi ne ya manne, ya ƙone, sai bakinsa kawai ya tsira, shuɗi mai ratsin fari.

Mai aski ya matso ya zura ido. "Tsaya. Tsaya! La'ilaha! Wannan yadina ne! Tela, rigata ka ɗinka wa mota?"

Wurin ya ɓarke da dariya. Mai karaya har yana dukan hannun kekensa.

"Aro na yi!" in ji Tela. "Hannu kawai na taɓa!"

Gajere ya ɗaga wani dunƙulen zare a bakin filaya. "Wannan fa?"

"Huda na gani, na toshe. Mai yana zurarewa."

Gajere ya dube shi, kuma a ranar ya yi magana mafi tsawo da aka taɓa ji a bakinsa. "Ta nan man ke shiga, ba fita ba. Famfo ke turo shi ta hudar, ya shimfiɗu tsakanin ƙarfe da ƙarfe, bai kai kaurin ɓawon albasa ba. A kansa ƙarfen ke yawo, ba sa taɓa juna. Kai ka toshe mata maƙogwaro, ka shaƙe ta da yadi, ka ce ta yi gudu."

"Za ta tashi?" Tsohon ne ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Za ta tashi, Baba. Amma sai an sauke inji, an kai ƙarfen an gurza. Wata biyu, in an samu kayan irin nata."

Tsohon ya miƙa hannu, Gajere ya ba shi ɗan yadin. Ya kawo shi kusa da ido, ya juya shi, ya bi bakin kalmasar da farce.  Tela ya sunkuyar da kai yana jiran saukar aradu.

"Wa ya yi wannan kalmasar?"

"Ni ne, Baba."

"Shekara goma sha ɗaya ina sa rigunan da kake ɗinka min, ban taɓa ganin zaren ba sai yau. Dubi yadda ya miƙe, ko ɗaya bai kauce ba." Ya ɗago ya dubi Tela da idon nan sabo fil. "Ashe ka iya."

Tela ya ji maganar da ya shekara goma sha ɗaya yana jira, ga ta nan ta fito, a gaban mutum hamsin, kuma bai taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Hawaye ya cika masa ido.

"Ɗinki," tsohon ya ƙara. "Kawo makulli."

Tela ya miƙa da hannu biyu. Tsohon ya karɓa ya jefa a jakar 'yarsa, ya ja zif ɗin da kansa. Sannan ya nuna tef ɗin da ke wuyan Tela.

"Wata biyu za ta yi a rana a garejin Gajere. Auna ta. Ka ɗinka mata rigar da za ta rufe ta daga hanci har wutsiya. Daga nesa za ka auna, kada ka taɓa ta."

Haka Tela ya durƙusa a gaban jama'a da rigarsa mafi kyau, yana auna mota ba tare da tef ya taɓa jikinta ba, mai aski yana riƙe masa ɗaya bakin yana tambayar hannun rigarsa. Sun zagayo baya, Tela ya ga bakin salansar da hayaƙi ke fita, zagayayye, baƙi, a buɗe. Hannunsa ya tsaya. Ya ƙura masa ido.

"Mai keke!" tsohon ya daka masa tsawa daga bakin tasin da 'yarsa ta tsayar. "Na gan ka. Yanzu ina gani. Wuce!"

Tela ya wuce.